Wanda Bai Sauka a Wata Ba

Wangsa Maju, Kuala Lumpur

Zuwa ga 'yata Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga uba zuwa ga autarsa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ko da yake ba sai na yi dogon fata ba, tunda ga shi ina jiyo ki ta bango kina kokawa da akwati. Allah Ya kai ki Japan lafiya, Ya tsare ki a sama Ya tsare ki a ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanki.

Na san za ki yi dariya ki ce me ya yi zafi Baba zai rubuto miki wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakaninmu. Dalili shi ne in na fara magana da baki, kafin in kai tsakiya kin amsa mini da Turanci, Amminku ta sa baki ta gyara mini labarin, ni kuma numfashi ya yanke. A takarda ba mai katse ni. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Ki bi ta a hankali, abin da ya shige miki duhu ki tambayi Ammi, amma kada ki ba waya ta fassara miki, don za ta mayar da ubanki taɓaɓɓe.

Tun ranar da kika ce kin yarda za ki tafi nake barci har da minshari, in ji Ammi. Ba ƙaramin nauyi kika sauke mini ba. Saura ƙiris ki ajiye gurbin karatun nan na ƙera ƙananan taurarin ɗan'adam, abin da kika yi shekaru kina bi, kuma da kin ajiye shi ni ne sila. Da ban yafe wa kaina ba har in koma ga Allah. Shi ya sa nake so in zayyana miki wuraren da na yi tuntuɓe, tun daga farko, ko kya tsallake wasu.

Farkon kuwa a Kafanchan yake, ina ɗan firamare, babana yana aikin jirgin ƙasa. A zauren kakana Malam Tanko akwai rediyo, wadda aka saya don jin labarin yaƙin basasa, saboda ƙanen babana yana bakin daga. Wata rana dattawa suna zaune, mu yara muna raɓe a bakin ƙofa, sai mai karanta labarai ya ce wasu mutane sun sauka a kan wata, sun taka shi da ƙafarsu. Malam Tanko ya ɗago kai ya ce, "Wane watan? Wannan dai da muke dubawa mu ɗauki azumi?" Aka ce masa shi. Ya ce, "Jirgin Ikko da yake tafiya a kan ƙarfe, a ƙasa, sai ya kwana a hanya bai iso ba. Su ne za su je wata? A kashe rediyon nan kada batir ya ƙare a banza."

Ni kuwa malaminmu ya riga ya zana mana kumbon a allo, kaina ya kumbura da ilimin kwana biyu. Daga bakin ƙofa na ce, "Malam, ai kai ne ba ka sani ba." Ba a dake ni ba, da ma dukan aka yi mini. Ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko ya yanke hukunci." Daga ranar bai ƙara tambayata abin da aka koya mana a makaranta ba, alhali a da kullum sai ya tambaya. Sai bayan shekaru Inna, mahaifiyata wadda kika ci sunanta, ta gaya mini cewa a kwanakin nan in an idar da magariba yakan tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon wata. Ashe tsohon yana son ya sani, ni ne na rufe masa ƙofa da bakina.

To ke ma za ki haɗu da irin Malam Tanko. In kin je gida hutu, gwaggonninki za su tambaye ki amfanin wannan ƙarfe da kike harbawa sama alhali ba a gama da na ƙasa ba. Kada ki taɓe baki, kada kuma ki juya harshe zuwa Turanci. Ki gyara zama ki gaya musu yadda yake hango hadari tun kafin ya haɗu, da yadda yake ganin gonar da ruwa zai ci. Sau da yawa mai musu ba gardama yake nema ba, so yake a yi masa bayani ba tare da an kunyata shi ba.

A makon nan duk yaran layinmu suka zama 'yan sama-jannati. Akwai wani tsohon tarago da aka yasar a gefen layin dogo, kusa da tarin yashi. Tarago shi ne kumbo, yashi shi ne wata. Malaminmu ya ce mutum uku ne suka tafi, biyu suka sauka, ɗaya ya zauna a cikin kumbo yana zagaya wata yana jiransu. Kowa yana son ya zama cikin biyun nan. Ni da ba ni da ƙarfin kokawa kullum ni ake bari a tarago, ina leƙe ta taga su suna tsalle a kan yashi. Na tsani mutumin nan na uku tsana mai tsanani, ina ganin ya yi doguwar tafiya a banza, kamar wanda ya je biki aka bar shi gadin takalma.

Sai da na girma na fara karanta labarinsu na gane ko wane ne shi. Shi ke riƙe da jirgin da zai mayar da su gida. Da ya yi sakaci, da waɗancan biyun da duniya take tafa wa ba su dawo ba. Kuma duk lokacin da kumbonsa ya zagaya bayan wata, rediyo yakan ɗauke gaba ɗaya, ba ya jin abokansa, ba ya jin mutanen ƙasa, sai shi da Allahn da Ya halicce shi. Daga baya ya nuna cewa kaɗaicin bai dame shi ba, abin da ya fi tsorata shi shi ne a ce ya dawo duniya shi kaɗai. Tun daga nan ya zama gwanina. Na bi labarin waɗanda suka riga shi, tun daga karnuka da birai da aka fara aikawa, zuwa mutum na farko da ya zagaya duniya sau ɗaya ya sauko, a lokacin da likitoci ba su ma tabbatar mutum zai iya haɗiye abinci a can ba, ko hankalinsa zai zauna daidai. Su suka ja ni zuwa aikin injiniya, su kuma nake ta ba ku labari kuna ƙanana har yayyenki suka gaji suka gudu, ke kaɗai kika zauna.

Inda za ki, tauraro ɗaya hannaye da yawa ne suke ƙera shi. Ranar da za a harba shi mutum biyu ko uku ne za su fito a hoto. In aka ba ki gwajin batir ko ɗaure waya, aikin da ba mai tambayar wanda ya yi shi sai ranar da ya lalace, ki yi shi kamar da sunanki za a kira tauraron. Ni na ɓata shekarun farko na koyarwa ina hanƙoron sunana ya zo a gaba a kowace takarda, na rasa abokan aiki nagari a kan haka, kuma yau ko kan takardun ban iya tunawa.

Amma babban kuskurena game da mutumin nan daban ne, kuma shi ne ya kusa cinye miki tafiya. Ni abin da na ɗauka daga gare shi shi ne shiru. Na ɗauka jarumtakarsa ita ce ya zauna shi kaɗai a cikin duhu bai dami kowa ba. Wannan kuwa ya zo daidai da tarbiyyar da aka yi mana, ta dauriya da kara, inda ko mutum yana gargara in aka ce ya jiki sai ya ce da sauƙi, kuma ba a gaya wa wanda yake nesa abin da zai ɗaga masa hankali.

Abin mamaki, ni na fi kowa sanin ɗacin wannan al'ada. Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Zariya, ana gab da jarrabawa, Yaya Lawal ya zo har ɗakina ya kawo mini ƙuli-ƙuli da yaji. Na ce, "Yaya, ya Inna?" Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, tana gaishe ka, ta ce ka dage." Ashe a lokacin nan Inna sai an kwantar an tayar. Na gama jarrabawa, na shiga Sabon Gari na sayo mata turmin atamfa, na hau jirgi ina ta murna. Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gida, har an yi sadakar bakwai. Yaya ya riƙe hannuna ya ce, "Mun ga kana jarrabawa, ba mu so mu rikita ka." Jirgi ɗaya ne tsakanina da ita, Walida. Da an gaya mini, da na zo na gan ta na koma na rubuta jarrabawata, ko ma in faɗi in sake. Na yi shekaru ina riƙe da Yaya Lawal a zuciya, na kuma yi alkawari ba zan taɓa yi wa ɗana haka ba.

Bara kina makaranta a jihar Pulau Pinang kina haɗa aikinki na ƙarshe, mu muna nan cikin kullen korona, kika turo mini saƙo: "Baba, mutuminka ya rasu." Tsufa ya cim masa, ya tafi a gaban iyalinsa. Na zauna a baranda na yi jugum, har Ammi ta leƙo ta ce ko ta shimfiɗa tabarmi ne a fara karɓar gaisuwa. Na ce ta yi ta tsiyarta, ni dai na yi rashin abokin wasa na tarago. Ranar mun daɗe muna hira da ke a waya a kansa, kina ta tambaya kamar ba ki sha jin labarin ba.

Ba a yi wasu watanni ba korona ta shigo gidan nan. Ta taɓa Ammi sama-sama, ni ta kwantar da ni. A lokacin an hana ƙetara jiha, ke kuma saura kaɗan ki kare aikinki a gaban malamai. Sai na ji bakina yana faɗin maganar Yaya Lawal, kalma da kalma. Na ce wa Ammi, "Kada ki gaya wa yarinyar nan, za ki rikita ta." Ta ce, "Malam, kai ne fa." Na ce ni ne, kuma na gama magana.

Kin tuna ranar da kika kira da hantsi na ƙi kunna kyamara, na ce netiwok ne? Kika ce, "Baba, muryarka ta canja, ya jiki?" Na ce, "Mura ce, da sauƙi." A lokacin 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana hannuna, lambarta tana ta sauka, Ammi tana tsaye a kaina tana share hawaye da gefen mayafi. Da muka ajiye waya ko banɗaki ban iya kaiwa ba. Bitrus, ɗalibina ɗan Filato da yake zaune a Danau Kota, shi ya yi ta buga waya har aka samo motar asibiti.

A asibiti suka rufe mini fuska da abin shaƙar iska. Ba mai zuwa dubiya, ma'aikatan ma ido kawai ake gani, sun sha fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Ina kwance ina kallon silin ina yaba wa kaina. Cewa nake ga ni a bayan wata, ni kaɗai, ban dami kowa ba, in na zagayo sai in ba Walida labari muna dariya. Ban tuna da Ammi ba, wadda take killace ita kaɗai a gida, maƙwabta suna rataya mata abinci a ƙofa, ke kuma kina kira tana ce miki na yi barci, na shiga taro, wayata ba caji. Na sa matar da ba ta iya ƙarya ba ta yi ta yinta har ta ƙware.

Yadda kika ji kuwa, har yau ban daina jin kunyarsa ba. Wani dattijo mai kyakkyawar niyya ya rubuta a zauren 'yan Najeriya na waya cewa a sa Malam a addu'a, yana asibiti jikin ya yi tsanani. A nan kika gani, tsakanin tallan kilishi da sanarwar ɗaki na haya. 'Yar cikina ta ji ciwona tare da mutanen da ko gidana ba su sani ba. Kika yi ta zarya wurin 'yan sanda kafin a ba ki takardar ƙetara jiha, kika iso ba a bar ki kin gan ni ba sai ta waya, wannan karon da kyamara a kunne, don wata nas ce ta riƙe ta ba ni ba.

Allah Ya yi da sauran kwana, na fito. Kika yi jinyata ba ki taɓa ɗaga mini murya ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Kin kare aikinki kin ci, kin fara karatun Japan ta kwamfuta daga ɗakinki, ni kuma na ɗauka magana ta wuce. Sai da aka buɗe wa ɗalibai hanya, makarantar ta ce ko ki iso kafin a fara zango ko a ba wani gurbin, sannan na san ba ta wuce ba. Muna cin tuwo da rana kika ajiye cokali kika ce, "Baba, ba zan je ba."

Na ce, "Saboda me? Ga ni garau, har masallacin Kampung Baru na je Juma'a."

Kika ce, "Haka ka ce wancan karon. Pulau Pinang ma da take nan kusa ka ɓoye mini, ina ga Japan? Duk ranar da ka ce lafiya lau, sai in kwana ina tunanin ko a asibiti kake. I can't lah, Baba. Ba zan iya karatu a haka ba."

Maimakon in yi shiru sai na ɗauko gwanina. Na ce ai ko mutumin nan shi kaɗai ya zauna a bayan wata, bai tayar wa kowa hankali ba, kuma aiki ya yi kyau. Ban san na miƙa miki sanda ba ne. Kika ce, "Baba, wata ne ya tare shi, ba shi ya kashe rediyo ba. Da ya zagayo yake gaya wa mutanen ƙasa komai, abin da yake daidai da abin da ba daidai ba. Kai ka gaya mini har wayoyi ake manna musu a ƙirji, likita yana ƙasa yana jin bugun zuciyarsu. Kai kuwa da hannunka ka kashe kyamara." Ammi ta ci gaba da cin tuwonta kamar ba ta ji ba, amma na ga murmushi a gefen bakinta.

Shekara da shekaru ina ba da labarin mutumin nan a aji da a gida, ban taɓa lura da wannan ba. Mutanen farkon nan ba don ba sa jin tsoro suka dawo da rai ba. Sun dawo ne don duk abin da ya motsa a jirgi ko a jikinsu sai sun faɗa, ko da abin kunya ne, ko da zai sa a ce su juyo. Waɗanda suke ƙasa ba za su iya taimakon wanda yake ce musu komai lafiya ba. Na wanke hannu na shiga ɗaki.

Ga shawarata a nan, kuma ita ce ta fi duk sauran. Kara abu ne mai kyau, ban ce ki yar da ita ba. In maƙwabci ya gaishe ki a lif, ki ce lafiya lau ki wuce, ba sai kin kwance masa jakarki ba. Amma kowane mutum yana da mutanen ƙasansa, waɗanda in ya faɗo su ne za su tare shi. Su ba a yi musu kara da ciwo. Naki su ne ni da Ammi, sannan in kin isa ki nemi mutum ɗaya mai hankali a kusa da ke, mace in da hali, wadda za ki iya buga wa ƙofa. In sanyi ya hana ki sakat ki faɗa. In abinci ya gagare ki, ko kin faɗi jarrabawa, ko wani malami yana yi miki kallon da ba ki gane ba, ki faɗa tun abin yana ƙarami. Kada ki ce Baba ba shi da lafiya, bari in rage masa damuwa. Da wannan lissafin aka binne Inna ban sani ba, kuma masu lissafin duk masoyana ne. Yaya Lawal ma na kira shi bayan na fito asibiti, mun daɗe muna magana, yanzu na san abin da ya ji a ɗakina na Zariya.

In kin sauka za su killace ki a ɗaki na wasu kwanaki. Kada ki ɗauke shi wulaƙanci. Su ma mutanen wata da suka dawo, duniya tana jiran ta ɗaga su sama, sai da aka kulle su tukuna don tsoron kada su zo da wata cuta. Ki tsara wuninki, ki nemi alƙibla tun ranar farko, ki riƙa buɗe labule. Dambun naman da Ammi take soya miki kuwa, na gaya mata ba za a bar ki ki shiga da shi ba, ta ce in bar ta da jami'an filin jirgin. Ki cinye abinki a nan kafin ki tashi, ki huta da rigima.

Saura in gaya miki abin da ba ki sani ba game da ranar da muka je asibiti tare. Da lokacin komawata ganin likita ya yi, ni da Ammi mun san sakamakon hoton ƙirjin ba lalle ya yi daɗi ba, don har yanzu matattakalar tashar jirgi tana tsayar da ni a tsakiya. Ammi da kanta, wadda ta yi ta yi mini faɗa a baya, ta ce, "Malam, ka je kai kaɗai. In ta ji wani abu yanzu shi ke nan, tafiyar ta mutu." Wallahi na so in bi maganarta. Har na sa takalmi, na kai bakin ƙofa, sannan na dawo na ƙwanƙwasa miki na ce ki sako takunkuminki ki raka ni.

Da likitar ta ɗora hoton ta dube ki ta dube ni, ta tambaya ko ta yi bayani a gabanki, sai da na ji kamar in ƙifta mata ido. Na ce mata boleh, wato na yarda, ta faɗi komai. Kin ji abin da na ji: cutar ta bar tabo a huhu, ba lalle ya koma kamar da ba, amma ba abin da zai kai ni ƙasa ba ne in na kiyaye, in rage tsayuwa a aji, in riƙa shaƙar magani, in riƙa dawowa ana dubawa. Kika yi mata tambayoyi har ta ce ko ke ma likita ce. Ni kuwa ina zaune ina cewa a raina shi ke nan, na kashe tafiyar da hannuna.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Wangsa Maju. Muka sauka, muka shiga shagon mamak, wurin shan shayin Indiyawan nan na ƙasan gidanmu, kika sa aka kawo mana shayi da roti, gurasar nan tasu, kika ce a yi wa Ammi tapau, a ƙunsa mata nata. Kika daɗe kina juya cokali a kofi. Can kika ɗago kika ce, "Baba, ya jiki?"

Bakina ya buɗe da kansa, amsar da na saba tana kan harshe, tsohuwar amsa tun ta zauren Malam Tanko. Na haɗiye ta da ƙyar. Na ce, "Yau ƙirjina ya yi nauyi. Matattakalar nan ta wahalar da ni. Kuma maganar likitar ta ba ni tsoro."

Ban taɓa gaya wa wani ɗana ina jin tsoro ba. Na sunkuyar da kai ina jiran ki ce kin gani ko, ai shi ya sa ba za ki tafi ba. Sai kika tura mini farantin roti gabana kika ce, "To. Makan, Baba, ci abinci. In haka za ka riƙa gaya mini, zan tafi."

Na ɗauki rotin na tsoma a miya, ido ya cika. Kika ce ko yajin ne ya yi yawa. Saura kaɗan in ce e. Na ce a'a, kuka nake yi, kuma na daɗi ne. Kika miƙo mini tishu, kika ce wa mai shago ya ƙaro shayi.

Allah Ya yi miki albarka, Walida. Ya buɗa miki ƙirji, Ya sa ki gama lafiya, Ya kare ki daga cutar zamani da ta mutane, Ya sa duk inda kika sa ƙafa a karɓe ki da alheri. Ya dawo mana da ke muna raye, in kuma Ya ƙaddara wani abu kafin nan, daga bakinmu za ki fara ji, kuma da wuri. Ammi tana sa miki albarka. Ki sauka lafiya.

Wassalam,
Babanki